Marigayi Alhaji Alhassan Ɗantata (1877–1955): Attajirin da Ya Gina Arzikinsa Bisa Gyaɗar Ƙauye da Riƙon Amana

Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a wannan yanki namu na arewacin Kano, daga Ungogo da Minjibir zuwa Ɗambatta da Makoɗa, ko daga Dawakin Tofa zuwa Bichi da Tsanyawa da Kunchi, ya sha jin dattawa suna ambaton Alhassan Ɗantata a duk lokacin da zancen arziki ya taso. Sunan ya zama ma'aunin dukiya a bakin Bahaushe. Sai dai da yawa daga cikin 'ya'yanmu mazauna Kano da Kaduna da Abuja da Legas sunan kawai suka sani. Ba su san cewa wani babban kaso na wannan dukiya daga jigawar gonakin kakanninsu ya fito ba, a bayan jakuna da raƙuma, buhu bayan buhu.

Shi dai marigayin ba ɗan yankinmu ba ne. Mutumin Bebeji ne, a kudu maso yammacin birni, kan hanyar Zariya. Amma tarihinsa da tarihin manomin ƙasar Kano sun sarƙe da juna, ta yadda ba a iya ba da ɗaya a bar ɗaya. Wannan ne ya sa ya cancanci wuri a wannan mujalla, musamman ga 'yan uwa da Allah ya buɗa wa hanyar samu a birane, domin su ga yadda wani na gaba ya haɗa jarin birni da guminsa na karkara.

Asalinsa da ƙuruciyarsa

An haifi Alhassan a Bebeji a shekarar 1877. Mahaifinsa Madugu Abdullahi ɗan Baba Talatin ne, daga zuriyar Agalawa, mutanen da asalinsu ya faro daga ƙasar Abzin, suka zauna a ƙasar Katsina da ta Kano, suka zama Hausawa, suka kuma shahara da fataucin nesa. Baba Talatin daga ƙasar Katsina ya taso ya zauna a Madobi, daga baya iyalin suka kafu a Bebeji, wadda a lokacin babban zango ce ta ayarin fatake. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne rukunoni uku da suka riƙe fataucin goro tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja a ƙarni na 19.

Alhassan yana da kimanin shekara takwas mahaifinsa ya rasu. Da aka raba gado a tsakanin 'ya'ya masu yawa, abin da ya zo hannun kowa bai taka kara ya karya ba. Mahaifiyarsa, wadda aka fi sani da Amarya, ita ma 'yar kasuwa ce mai ƙarfin jari. Bayan takaba sai ta tafi Ankara, babban birnin ƙasar Gwalkwas wadda a yau ake kira Gana, ta bar 'ya'yanta a hannun wata tsohuwar baiwa ta gidan mai suna Tata. Daga sunan wannan tsohuwa aka sami laƙabin Ɗantata. Abin lura ne ƙwarai, a ce gidan da ya fi kowane gida suna a kasuwancin Arewa yana amsa sunan matar da ta yi reno, wadda ba ta mallaki ko kanta ba.

A Bebeji ya yi makarantar allo. Kamar sauran yaran da ba su da uba a raye, ya haɗa karatu da neman na kai, yana ƙananan saye da sayarwa a kasuwa. Tata ce ta koya masa tanadi, ta sa shi jefa abin da ya samu a asusu. Wannan ɗabi'a ta ƙin kashe abin da ba dole ba ita ce ta bi shi har ƙarshen rayuwarsa.

Yaƙin Basasa

Yana cikin samartaka ƙasar Kano ta rikice. Da Sarki Muhammadu Bello ya rasu a 1893, Sakkwato ta naɗa ɗansa Tukur. 'Ya'yan Sarki Abdullahi Maje Karofi, ƙarƙashin Yusufu, suka ƙi mubaya'a, suka fita suka yi sansani a Takai. Bayan rasuwar Yusufu, Aliyu Babba ya karɓi jagoranci, ya ci birni a 1894, aka kuma kashe Tukur a Tafashiya a 1895. Agalawa sun kasance a ɓangaren Tukur, saboda haka da Yusufawa suka yi nasara sai aka kwashe dukiyar da yawa daga cikinsu, aka kama wasu. Alhassan da 'yan uwansa Bala da Sidi suna cikin waɗanda aka kama, sai da fansa suka sami kansu.

Wanda ya ga haka tun bai kai shekara ashirin ba, ya san cewa dukiya tana iya tafiya a dare ɗaya idan mai ita ya tsaya a gefen da aka kayar. Za a ga alamar wannan darasi daga baya, a irin taka-tsantsan ɗin da ya riƙa yi wajen hulɗa da masu mulki.

Hanyar Gwanja da cinikin goro

Bayan ƙura ta lafa, Alhassan ya bi ayari zuwa Gwanja, ya kuma ƙarasa har Ankara wurin mahaifiyarsa. Ba ta ɗora shi bisa dukiyarta ba. Ta kai shi wurin wani malami, inda ya ci gaba da karatu da neman abin kansa, daga baya ya komo Bebeji ya kama sana'ar iyayensa.

Ya kamata matasanmu su san abin da ake nufi da fataucin Gwanja. Ayari kan tashi daga ƙasar Kano da jakuna ɗauke da baƙaƙen tufafin rini na Kura, da kanwa, da jan fata, da busasshiyar albasa. Sai a ƙetare kogin Kwara, a ratsa ƙasar Bargu, a bi ta Sansanin Mango da Yandi, kafin a isa kasuwar Salaga. Zuwa da dawowa kan ci wata shida, wani lokaci har shekara. Madugu ke shugabantar ayari, shi ke sasantawa da sarakunan hanya kan kuɗin fito, jagaba kuma yana gaba yana duba zango. Goro kuwa kaya ne mai son lallashi. Dole a naɗe shi cikin ganye a ɗaure huhu, a riƙa kwancewa ana yayyafa ruwa, ana tsince wanda sankara ta kama kafin ta ɓata saura. Falke mai sakaci sai ya iso gida da ɓawo.

A daidai lokacin da Alhassan ya shiga wannan sana'a, tsohuwar hanyar ta fara mutuwa. Yaƙin cikin gida ya rusa kasuwar Salaga a 1892. Turawan Ingila suka mamaye ƙasar Asante, suka shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Sekondi a bakin teku zuwa Kumashi, aka gama a 1903. A wannan shekarar ce kuma rundunarsu ta fasa ƙofar Bebeji a kan hanyarta ta zuwa cin birnin Kano. Fatake da yawa suka ci gaba da bin sawun jakunan iyayensu. Alhassan yana cikin 'yan ƙalilan na farko da suka gane cewa goro zai iya sauka bakin teku, ya hau jirgin ruwa zuwa Ikko, wato Legas, cikin 'yan kwanaki. Wajen 1906 ya riga ya kama wannan hanya, yana kuma haɗawa da cinikin duwatsun ado da tufafin Turawa. Tafiyar da a da ake yi sau ɗaya a shekara, sai ga shi yana juya jarinsa sau da yawa, asarar ruɓewa kuma ta ragu.

Jirgin ƙasa da zuwan gyaɗa

Hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, aka buɗe ta ga 'yan kasuwa a 1912. Abin da Turawa suka sa rai a kai shi ne auduga, domin masaƙun Lankasha a Ingila. Manomin Kano ya yi nasa lissafin daban. Masaƙan gida suna sayen auduga da farashin da ya fi na Bature, don haka babu dalilin kai masa ita. Gyaɗa kuwa tana son jigawa irin tamu, ana shuka ta a tsakanin gero da dawa, tana gyara ƙasa, harawarta abincin dabbobi ce, in kuma shekara ta yi tsanani ana iya cin ta. Ga shi kuma an fara karɓar haraji da kuɗin Turawa maimakon wuri, dole kowane magidanci ya nemi abin da zai sayar ya sami sule. A can Turai kuma masana'antun sabulu da na man girki da na man shafa wa burodi suna neman man gyaɗa ido rufe.

Da waɗannan dalilai suka haɗu, gyaɗar da Nijeriya ta fitar ta tashi daga kimanin tan 2,500 a 1912 zuwa sama da tan 19,000 a 1913. Buhuna suka cika tashar Kano har aka rasa inda za a sa su. Kamfanonin Turawa suna da kuɗi da sikeli a kantunansu, amma ba su san hanyar ƙauye ba, ba su jin harshe, ba su kuma san wanda za a ba bashi ya dawo da shi ba. Waɗanda suka san wannan su ne tsofaffin fataken goro, irin su Umaru Sharubutu Koki da Maikano Agogo, da kuma Alhassan, wanda ya baro Bebeji ya gina gida a Sarari, wajen unguwar Koki a cikin birni.

A 1918 Kamfanin Neja ya nemi ya riƙa saya masa gyaɗa. Wajen 1922 ya riga ya wuce dukkan attajiran Kano. Da aka haɗa Kamfanin Neja da wani kamfanin aka kafa UAC a 1929, shi ya zama babban mai saya musu a ƙasar Kano, yana kuma rarraba hajarsu, kamar atamfa da gishiri, zuwa kasuwannin karkara.

Yadda ya tafiyar da cinikin

A nan ne darasin rayuwarsa yake, don haka ya kamata a tsaya a duba da kyau. Kamfani kan ba Alhassan kuɗi tun kafin kaka. Shi kuma ya rarraba wa yaransa, kowa da yankin da aka ba shi. Yaran nan su ma suna da nasu yaran a kasuwannin ƙauye, waɗanda suka san kowane manomi da gonarsa da halinsa. Kuɗin da ya fito daga kanti a birni sai ya bi hannu uku ko huɗu kafin ya isa ga mai gona, sa'an nan ya juyo a matsayin gyaɗa ɓararriya, a bayan jaki ko raƙumi, daga baya kuma a mota, ta hanyar Katsina da ta Daura da sauran hanyoyin da suka nufi birni. Mafi yawan wannan hulɗa babu takardar yarjejeniya, babu jingina. Abin da ya riƙe ta shi ne sanin asali da tsoron zubar da mutunci.

A wancan zamani babu jarida ko rediyo da ke kai wa manomi labarin farashi. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo sai a 1939 ta fara fitowa, akwatin rediyo mai waya kuma sai a 1944 ya zo birnin Kano. Labari yana tafiya ne ta bakin fatake da masu shela a ranar kasuwa. Saboda haka attajirin da ke da mutane a kowace kasuwa shi ke fara sanin inda gyaɗa ta yi kyau da inda fari ya taɓa, shi ke kuma iya isar da farashinsa ga manomi kafin na abokin gasa. Yaran Alhassan su ne idonsa da kunnensa, su ne kuma bakinsa.

An san shi da abubuwa uku a wannan harka. Na farko, bin diddigin lissafi: yakan zauna da masu kula da kuɗinsa kullum, ya san abin da ya fita da abin da ya shigo. Na biyu, haƙuri da ƙaramar riba a kan kaya mai yawa, abin da ya ba shi damar yin gogayya da Kwarori, wato 'yan kasuwar Labanan da Siriya, da kuma irin su Saul Raccah da ya zo daga Tarabulus. Na uku, ɗaga yaran da suka nuna gaskiya. Wanda ya riƙe amanar fam goma, baɗi sai a ba shi hamsin, har ya kai ga tsayawa da ƙafarsa. Gidajen kasuwanci da dama a Kano daga wannan makaranta suka fito.

Gaskiya kuma ita ce, tsarin gyaɗa bai kasance alheri zalla ga manomi ba. Wanda ya ci bashi da damina yakan biya da kaka a lokacin da farashi ya fi faɗuwa. Akwai 'yan baranda da suka shahara da danne sikeli. Farashin kansa a kasuwannin Turai ake yanka shi, shi ya sa da tattalin arzikin duniya ya karye daga 1929, manomin da bai taɓa jin sunan Landan ba ya ji a jikinsa, haraji kuwa bai jira shi ba. Yunwar 1914 ta riga ta nuna wa mutane hatsarin sakin hatsi saboda amfanin sayarwa, shi ya sa manomin Kano bai taɓa yarda gyaɗa ta kori gero daga gonarsa ba. Alhassan ya yi arziki a cikin wannan tsari, bai kuwa ƙirƙire shi ba. Abin da ya bambanta shi da wasu shi ne ya fahimci cewa manomin da aka cuta bana ba zai kawo kayansa baɗi ba.

Raƙuma ashirin da dalar gyaɗa

Labarin da ya fi shahara game da dukiyarsa shi ne na 1929, lokacin da ya kai ajiyar kuɗin azurfa, kayan raƙuma 20, a reshen Kano na bankin Turawan Ingila na Afirka ta Yamma, wanda a yau ake kira First Bank. A lokacin yawancin attajirai a ɗaki ko a rami suke ajiya. Abin da ya yi ya nuna irin halinsa na karɓar sabon abu idan ya ga amfaninsa, kamar yadda ya karɓi jirgin ruwa tun da fari.

Sunansa kuma ya haɗu da dalar gyaɗa, domin shi ake danganta wa fara jera buhuna ta wannan siffa. Dala ɗaya takan ɗauki buhu har 15,000. An yi su a Ƙofar Mazugal da wasu wurare a birni, da kuma garuruwa irin su Bebeji da Malam Madori. Mutane da yawa suna ɗaukar dalar a matsayin ado, alhali larura ce ta kawo ta. Gyaɗar da ake sayowa ta fi ƙarfin taragon jirgin da zai kwashe ta zuwa Legas, musamman bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sai aka nemi hanyar tara ta a fili yadda ba za ta rushe ba, a kuma lulluɓe ta da tamfol saboda ruwa.

Tun lokacin yaƙin gwamnati ta karɓe ikon sayar da gyaɗa a waje. A 1949 aka kafa hukumar cinikin gyaɗa ta ƙasa, a 1954 kuma aka mayar da aikin ga hukumar ciniki ta Jihar Arewa. Hukumar ce ke yanka farashi, ta kuma ba da lasisin saye, wanda da farko kusan duk a hannun kamfanonin waje yake. A farkon shekarun 1950 Alhassan ya shiga sahun 'yan ƙasa na farko da suka sami wannan lasisi, ya tashi daga mai saya wa kamfani ya zama abokin gogayyarsa. Bai tsaya ga gyaɗa da goro kawai ba: ya yi cinikin shanu da hatsi da tufafi, ya mallaki filaye da gidaje, yana kuma cikin attajiran da suka zuba jari a kamfanin 'yan ƙasa na Kano Citizens Trading Company, wanda ya kafa masaƙar zamani a birni.

Addininsa da kyautarsa

A farkon shekarun 1920 ya sauke farali ta jirgin ruwa. A wancan lokaci talaka mai niyyar Makka da ƙafa yake tafiya, ta Barno da Cadi da Sudan, yana tsayawa yana ƙwadago, wasu su shekara biyar ko fiye, wasu kuma ba su dawowa. Daga baya ya riƙa biya wa mutane kuɗin aikin hajji, cikinsu har da malamai da yaransa na kasuwa. Ƙofar gidansa ba ta rabuwa da masu karɓar abinci, yakan fitar da zakka ta kuɗi da ta hatsi, ya kuma yi yanka mai yawa a raba wa mabukata a lokutan salla.

Duk da haka, a kan kansa mutum ne mai tsimi. Suturarsa da abincinsa ba su nuna girman abin da ya mallaka ba, ya kuma ci gaba da fita harkokinsa har tsufa. Idan aka auna, mafi girman alherin da ya yi shi ne jarin da ya danƙa wa ɗaruruwan mutane suka juya. Sadaka takan ƙare a ranar da aka ba da ita, amma jarin da aka ba mai gaskiya yakan ciyar da gida har jikoki.

Fada da siyasa

Alhassan ya rayu a ƙarƙashin sarakunan Kano da dama, ya kuma yi mafi yawan shekarun ƙarfinsa a zamanin Sarki Abdullahi Bayero, wanda ya yi mulki daga 1926 zuwa 1953. A ƙarshen wannan zamani aka shigar da shi majalisar Sarki, inda ya zama muryar 'yan kasuwa a wurin da a da sai masu sarauta da malamai ke zama.

Da siyasar jam'iyyu ta kunno kai, aka kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, Jam'iyyar Mutanen Arewa, wato NPC, ta zama jam'iyyar siyasa a 1951. Kamar yawancin manyan attajiran birni, Alhassan ya karkata ga NPC, jam'iyyar da ke tare da fada da hukumar En'e, wadda kuma ta dogara ƙwarai da gudummawar 'yan kasuwa. Dalilin a fili yake: lasisi da fili da kwangila duk a hannun hukuma suke, shi kuma ya taɓa ganin abin da ya sami Agalawa a Basasa. Amma bai mayar da siyasa sana'a ba, bai kuma bar ta ta cinye kasuwancinsa ba. Ya tallafa daga gefe, ya ci gaba da saye daga hannun kowane manomi ba tare da tambayar jam'iyyarsa ba, domin sikeli bai san NEPU ko NPC ba. Masu hannu da shuni na yau da ke zuba miliyoyi a yaƙin neman zaɓe, alhali makarantar firamaren garinsu ba rufi, suna da abin dubawa a nan.

Rasuwarsa da zuriyarsa

Da ciwon ajali ya kama shi a 1955, ya tara 'ya'yansa da babban mai kula da kuɗinsa, Garba Maisikeli. Ya yi musu wasiyya da su zauna tare, kada su wargaza kamfanin Alhassan Dantata and Sons, su riƙe zumunci, su kuma kula da talakawan dangi. Wanda ya ga yadda rabon gado ya mayar da dukiyar mahaifinsa gutsattsari yana ɗan shekara takwas, ba abin mamaki ba ne ya yi irin wannan wasiyya. Ya rasu ranar 17 ga Agusta 1955, aka binne shi a gidansa na Sarari. A lokacin ana lissafa shi a matsayin wanda ya fi kowa dukiya a Afirka ta Yamma. Allah ya jiƙansa da rahama.

'Ya'yansa sun ɗauki tutar. Ahmadu ya shugabanci kamfanin har rasuwarsa a 1960. Sanusi, wanda ya rasu a 1997, ya shahara a cinikin gyaɗa da sufuri da taimakon malamai. Mamuda ya kafa kamfanin jigilar alhazai na Afirka ta Yamma, wanda daga gajeren sunansa aka sami Wapa ta Fagge. Aminu, wanda aka haifa a 1931, ya yi ɗan majalisar Jihar Arewa, ya yi kwamishina a gwamnatin Audu Bako, ya shahara da taimakon makarantu da asibitoci, ya rasu ranar 28 ga Yuni 2025, aka binne shi a Madina. Aliko Ɗangote kuwa ɗan Hajiya Mariya ne, 'yar Sanusi.

Kammalawa

Dalar gyaɗa ta daɗe da ɓacewa. A shekarun 1960 Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen fitar da gyaɗa. Sai farin 1972 zuwa 1974 ya zo, cutar kuturtar gyaɗa ta biyo baya a 1975, kuɗin man fetur ya ɗauke hankalin gwamnati daga gona, aka kuma rushe hukumomin ciniki a 1986. Amma ƙasar tana nan, manomin ma yana nan, yana kai taki gona da jaki ko da kura kamar yadda kakansa ya yi. Kasuwar Dawanau da ke ƙasar Dawakin Tofa tana tara hatsi da wake da riɗi da zoɓo, ana lodinsu zuwa ƙasashen waje. Madatsun ruwa na Tomas da Watari suna ba da damar noman rani. Abin da ya yi ƙaranci shi ne mai jarin da ya san manomi da sunansa, wanda zai ba shi iri da taki a kan lokaci, ya kuma saya da sikeli na gaskiya.

'Yan uwa mazauna birane, wannan gurbi naku ne. Kun san gidajen, kun san wanda in an ba shi amana zai riƙe. Buhun shinkafar da ake aikowa da azumi abin godiya ne, Allah ya saka da alheri. Amma injin matsar man gyaɗa da aka danƙa wa ƙungiyar mata, ko jarin da aka ba saurayi ya sayi amfanin gona a kasuwar garinsu, ko ɗakin ajiya da zai hana manomi sayar da kayansa da arha a farkon kaka, su ne irin abin da ya mayar da marayan Bebeji Alhassan Ɗantata, ya kuma tayar da gidaje masu yawa tare da shi. Allah ya ba mu ikon koyi da kyawawan halayen magabata, ya albarkaci garinmu da zuriyarmu, amin.